Ganyen Sabara da Allurar Baba

Sunana Saudatu, amma a gidanmu da ke Gwallaga ba mai kirana da shi. Baba "Uwata" yake ce min, don sunan mahaifiyarsa na ci. Umma kuma, da yake ni ce 'yar fari, "ke" take cewa ta wuce. Na daɗe ina karanta labaran mutane a shafin nan, wani in yi kuka, wani in yi tsaki in ce ina hankalinta ya tafi. Yau ga nawa. Daga kan wani benci a barandar asibiti nake rubuto muku, cajin wayata ya kusa ƙarewa, in kun ga na yi gaggawa a wani wurin ku yi min uzuri.

Babana, Alhaji Jalo, shadda da yadi yake sayarwa a Kasuwar Muda Lawal tun kafin a haife ni. Mutum ne mai tsabta da son gayu, farar shadda zai saka tun safe ya dawo da ita bayan magariba kamar yanzu aka karɓo ta daga wurin mai guga. Shekara biyu da suka wuce ya fara wani abu da duk muka gani muka yi kamar ba mu gani ba. Buta ba ta barin hannunsa. Ya shiga bayi ya daɗe, ya fito, bai gama zama ba ya sake miƙewa. Wace 'ya ce za ta buɗe baki ta tambayi ubanta wannan? Sai da fitsarin ya tsaya masa cak wata ranar Laraba a shago, maƙwabtansa na kasuwa suka kwashe shi zuwa asibiti, sannan muka ji sunan abin.

Sankara ce, a wata 'yar tsoka da maza ke da ita a ƙarƙashin mafitsara, wadda likitoci ke kira furostet. Likitan ya ce ta ɗan yi nisa, yanka ba zai yi ba, amma akwai allura da za a riƙa yi masa a fatar ciki duk bayan wata uku. In ya riƙe ta da kyau, ya ce, zai iya yin shekaru yana zuwa kasuwarsa.

A lokacin na fara digiri na biyu ke nan a fannin sinadaran jikin ɗan Adam. Satin da aka sallamo Baba na je ofishin malamin da ke duba aikina, Dakta Irmiya, na ce ina so in sauya abin da zan yi bincike a kai. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Saudatu, na ji labarin babanki. Kin tabbata za ki iya raba aikin da zuciyarki?"

"Zan iya, Dakta."

Ƙarya na yi, amma a ranar ban san ƙarya ba ce.

Bari in yi muku bayanin aikin yadda na yi wa Mansir, don in ba ku gane shi ba, ba za ku gane laifina ba. Mansir shi ne mai nemana. Malamin lissafi ne a wata sakandare, dogo, mai yawan shiru, kullum cikin kaftani ruwan ƙasa da biro biyu a aljihu. Kawunsa na da gona a Miri, bayan gonar kuma sabara ce ta rufe ko'ina. Shi ya riƙa ɗauko mana Keke ranar Asabar, ni da abokiyar aikina Christiana, mu je mu tsinko ganye, shi yana riƙe mana buhu.

Ran nan muna zaune a gindin wata ɗorawa ya ce, "Wai ni Malama Sauda, me ganyen nan zai yi wa sankara?"

Na ce, "Ka ga sankarar Baba, da sinadarin mazantaka take rayuwa, wanda ake kira testosteron. Shi ne abincinta. A cikin tsokar kuma akwai wani enzayim."

"Mene ne enzayim?"

"Ka ɗauke shi kamar mai niƙa. A kawo masa abu, ya mayar da shi wani abu. Wannan sunansa 5-alpha reductase. Shi yake karɓar testosteron ya mayar da shi wani mai ƙarfin da ya ninka na farko. Wannan mai ƙarfin ya shiga ƙwayar halitta, ya manne da makarɓinsa, su biyun su je har kan ƙwayoyin gado su ba da umarni: ku hayayyafa. Sankara ta yi ta girma."

"To allurar Baba fa?"

"Ita tana hana jiki yin testosteron ɗin ne tun daga tushe. Ni kuma ina duba ko akwai sinadari a ganyen sabara da zai rage wa mai niƙan nan sauri."

Ya kalle ni, sannan ya ce, "Wallahi in kina magana sai in ji kamar ban taɓa shiga aji ba." Christiana ta fashe da dariya ta ce da Hausarta ta Bogoro, "Malam, ka riƙe buhu da kyau, ganye yana zuba." Na ja gyalena na rufe rabin fuska. A ranar na san ina son shi.

Wata bakwai muna abu ɗaya. A shanya ganye a inuwa, a daka, a jiƙa a ruwan sinadarin metanol kwana uku, a tace, a ƙafe ruwan har ya zama wani baƙin danƙo mai ɗaci. A raba shi kashi-kashi, a ɗiga kowane kashi a 'yar kwalba tare da enzayim ɗin, a saka a na'ura a karanta lamba. In an ɗauke wuta a tsakiyar gwaji, a zubar a sake. Farar rigata ta lab duk ta yi kore a hannu, sabulu ya gaza.

Wata ranar Litinin da damina, kashi na huɗu ya ba da lambar da ta sa Christiana ta yi ihu. Ya rage aikin enzayim ɗin da kashi sittin da ɗaya cikin ɗari. Muka maimaita sau uku, bai sauka ba. Dakta Irmiya ya zo ya duba, ya gyaɗa kai.

"Ya yi kyau. Amma ku ji ni, wannan a kwalba ne. Ko ɓera ba mu gwada ba. Kada in ji wata ta je gida ta ce ta gano magani."

Na ce to. Na hau Keke zuwa gida ina jin kamar in sauka in yi gudu.

Na tarar da Baba a tsakar gida a kan tabarma, ya cire riga daga shi sai singileti, Umma na yi masa fifita. Allurar nan ta canza shi ƙwarai. Yana zaune lafiya sai zufa ta karyo masa kamar an watsa masa ruwa. Ya yi ƙiba mara daɗi, ƙarfinsa ya ragu, dariyarsa ta yi wuya. Mansir ma yana nan, ya kawo masa lemo, ya durƙusa a gefe. Ko takalmi ban gama cirewa ba na ce:

"Baba, sabara ta danne shi! Kashi sittin da ɗaya!"

Ban taɓa manta yadda fuskarsa ta washe ba. Ya miƙe zaune sosai, ya juya wajen Umma ya kira sunanta.

"Yagana, kin ji? Uwata ta gano maganin ciwona."

"A kwalbar gwaji ne fa, Baba," na ce. Na faɗa, Allah ne shaidata na faɗa. Amma da dariya na faɗa, a hankali, ina kallon ƙasa, yadda yarinya ke cewa "a'a" in an yaba kwalliyarta. Rabona da ganin haƙoran Baba a waje ya kai shekara. Ban iya ɗauke masa wannan ba.

Daga nan kasuwa gaba ɗaya ta koma ce min Likita. In na bi ta layin 'yan yadi sai in ji, "Ga 'yar Alhaji Jalo mai maganin sankara." In yi murmushi in wuce. Daɗi nake ji, ba zan ɓoye muku ba.

Zuwa asibiti kuma dama Mansir ne ya karɓe shi. Ƙannena duk mata ne, Baba kuwa ba ya so in tsaya a wurin ana tambayarsa yadda fitsari ke fita. Ranar allura ta zo, da hantsi saƙo ya shigo wayata:

"Mun dawo. An yi allura. Baba lafiya lau."

Na mayar masa: "Allah ya saka da alheri. Ban san da me zan biya ka ba."

"Ki dai ci gaba da haƙuri da ni," ya rubuto.

Bayan wata uku, saƙo iri ɗaya, kalma ba ta canza ba.

Kuma Baba ya fara samun sauƙi a idonmu. Zufar ta ɗauke. Ya koma fita kasuwa da ƙafa, ya koma saka farar shadda da hula zanna, yana tsokanar Umma a kan gishirin miya. Ni da na karanta littattafan, ni da na san abin da dawowar ƙarfin nan ke nufi ga mai shan irin wannan allura, ban tsaya na yi tunani ba. Na ce jikinsa ne ya saba. In ya dafe ƙugu ya ce bayansa na ciwo, in ce zaman shago ne, in sayo masa man zafi.

A cikin wannan farin cikin iyayen Mansir suka kawo gaisuwa. Aka tsayar cewa Asabar ɗin nan, wato gobe, kawunnansa za su zo a sa rana. Umma ta ɗinka min leshi ruwan hoda, an yi cincin an cika bokiti biyu, an sake fentin zaure.

Jiya Alhamis bayan azahar ina lab ina wanke kwalabe, waya ta yi ƙara. Umma ce. Ba ta saba kirana a makaranta ba.

"Ke, ki zo. Ya idar da salla ya kasa tashi. Ƙafafun sun ƙi."

Ban san yadda na isa gida ba, da farar rigar lab a kan atamfata na hau Keke. Maƙwabta suka kama shi aka saka a mota. Duk hanya yana cewa, "Ba komai Uwata, jijiya ce ta riƙe." Ni kuwa ina danna babban yatsan ƙafarsa ina tambayarsa ko yana ji, yana cewa kaɗan.

Aka ɗibi jini, aka yi hoton baya. Wajen la'asar likitansa ya zo da fayil a hannu, wani mai furfura a gemu wanda ba ya ɗaga murya. Ya buɗe, ya juya shafi, ya sake komowa baya.

"Alhaji, ina ka shiga? Rabonka da mu wata tara. Allura biyu ka tsallake, ta uku ma lokacinta ya yi."

Na ce, "A'a likita, an yi masa. Duba dai da kyau. Ina da saƙon a waya."

Ya juyo min da fayil ɗin. Shafin fari ne tas. Ya nuna min sakamakon jinin, awon da ake kira PSA, wanda ke nuna yadda ciwon ke motsi. Zuwansa na ƙarshe yana kan uku. Jiya ɗari biyu da tamanin da bakwai. Hoton kuma ya nuna ciwon ya shiga ƙashin baya, yana danne lakar da ke kai saƙo ƙafafu.

"Wa ya ce ka daina, Alhaji?"

Baba ya ɗago kai daga matashi, ya nuna ni da hannu, har da murmushinsa.

"Ai ga likitata nan. 'Yata ce, a jami'a take. Maganin da ta gano nake sha."

Likitan ya dubi farar rigata mai koren hannu. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Da yamma na raka Umma gida ɗauko kaya. Na shiga ɗakin Baba neman bargo, na durƙusa na leƙa ƙarƙashin gado. Gorunan ruwa ne jere, guda shida, cike da wani ruwa baƙi-baƙi. Na buɗe ɗaya. Ko a mafarki na san warin sabara.

"Umma, mene ne wannan?"

Ta zauna a bakin gado ta kama gefen zaninta tana murzawa.

"Mansir ke kawo ganyen daga Miri duk Juma'a. Ni nake tafasawa in kin tafi makaranta. Kofi ɗaya da safe, ɗaya da yamma."

"Kin san ya daina allura?"

"Ya ce kada a faɗa miki. Wai sai ya warke sarai, ranar ɗaurin aurenki ya tashi a gaban jama'a ya faɗa."

Na zauna a ƙasa, goran a hannuna. Sai Umma ta matso ta dafa kafaɗata, abin da ba ta saba yi ba.

"Ke, saurara. Namu na tukunya ne, shi ya sa bai yi ƙarfi ba. Ki je makarantarku ki ɗebo na ainihin, wanda kuka tace da inji. Ubanki ne fa. In malaminku ya hana, ni zan je in durƙusa masa."

"Umma, ba magani ba ne."

"Da bakinki kika ce ya danne shi."

"A kwalba, Umma! A kwalba!"

Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai jiya. Ta janye hannunta a hankali, ta tashi ta fara ninke kayan Baba tana saka wa a jaka. Ba ta sake kallona ba har muka koma asibiti.

Kiran Mansir goma sha huɗu na gani a waya. Saƙonni kuma suna ta shigowa.

"Na ji abin da ya faru. Ina hanya."

"Sauda don Allah ki ɗauka."

"Ina bakin ɗakin, ba zan shiga ba sai kin ce."

Yau da safe na fito na same shi a gindin darbejiyar da ke gaban ɗakin marasa lafiya, da kaftanin jiya a jikinsa, idanunsa jawur. Ko gaisawa ban bari mun yi ba. Na buɗe wayata na nemo saƙon na miƙa masa a fuska.

"Karanta min."

"Sauda..."

"Karanta. Kai ka rubuta."

Ya sunkuyar da kai. "An yi allura."

"Sau biyu, Mansir. Ina kuke zuwa?"

"Masallacin bakin asibiti. Mu zauna awa biyu mu dawo." Ya share fuska da hannun riga. "Ranar farko har mun karɓi kati. Muna kan layi ya kama hannuna ya ce mu fita. Sauda, kuka ya yi. Ban taɓa ganin dattijo na kuka haka ba. Ya ce allurar nan ta raba shi da duk abin da namiji ke taƙama da shi. Ya ce ƙirjinsa ya fara tasowa har yana jin kunyar cire riga gaban Umma. Ya ce ranar wata Juma'a zufa ta jiƙa shi a sahun gaba har na kusa da shi ya matsa. Ya ce tunda Allah ya ba 'yarsa ilmin magani, don me zai ci gaba da wulaƙanta? Ya sa na rantse ba zan faɗa miki ba."

"Sai ka rantse."

"Uban matar da zan aura ne ya riƙe hannuna. Me zan ce masa? Kuma na yarda da aikinki. Ina wurin kika ce kashi sittin da ɗaya. Da na ga ya samu ƙarfi, wallahi har sujada na yi."

"Ƙarfin da ka gani, abincin sankarar ne ya dawo jikinsa. Ni na yi maka bayanin nan a Miri, kana riƙe da buhu. Tambaya ɗaya za ka yi min, Mansir. Ɗaya tak."

Duk kalmar da na jefa masa sai in ji ta dawo kaina. Na juya na shiga ciki.

Matsalar da na tarar ta fi wadda na bari. An ba Baba maganin rage kumburin lakar ya karɓa, amma da aka zo maganar komawa kan allura ya ce a'a. Likita ya kira ni gefe ya ce min kowace rana tana da muhimmanci in ana so ƙafafun su dawo, kuma akwai gashi na na'ura mai ƙona ciwon da za a tura shi wani gari a yi masa. "Ba ya jin maganata," ya ce. "Taki yake jira."

Bayan an sauko daga Juma'a Umma ta fita alwala. Na ja kujera kusa da gadon. Baba na kwance cikin rigar asibiti shuɗiya wadda ba ta rufe masa gwiwa, robar fitsari na rataye a gefen gado. Da ya ga idona ya kai wurin, ya ja zani ya rufe ta. Na ji kamar in tashi in gudu. Shekara ashirin da shida ban taɓa yi wa mahaifina maganar da ta shafi jikinsa ba.

"Baba, zan yi magana, ka yafe min rashin kunya."

"Faɗi, Uwata."

"Ban gano magani ba. Abin da na gani, a 'yar kwalba ne da ba ta kai yatsana ba. Ban sani ba ko sinadarin yana tsira daga ciki ya shiga jini. Ban sani ba ko yana kaiwa inda ciwon yake, ko yana taɓa hanta. Ko ɓera ba a ba wa ba. Kuma Baba, ko da ya tsayar da enzayim ɗin gaba ɗaya, ba zai isa ya tsayar da ciwon da ya riga ya fita daga wurinsa ba. Irin aikina, mutum ɗari za su yi shi shekara ashirin kafin a samu ƙwaya ɗaya da za a ba mara lafiya. Tun ranar ya kamata in faɗa maka haka da babbar murya. Na ga kana dariya, sai na kasa. Da ake ce min Likita a kasuwa kuma, daɗi na ji."

Ya mayar da ido kan silin. Fanka na juyawa a hankali, wani a gadon ƙarshe yana tari.

"Ashe ruwan ganye kawai nake sha."

"Eh, Baba."

Hawaye ya gangaro masa ta gefen ido ya shiga kunne. Bai share ba.

"Na so a ce ke ce," ya ce. "Ba ciwon ne ya fi damuna ba. So na yi in tsaya a layinmu in ce, kun ganni nan, 'yata ce ta warkar da ni. Waɗanda suka ce na ɓata lokaci da na bar mace ta yi ta karatu, in ga bakinsu."

Na kifa kaina a gefen katifar na yi kukan da ban yi ba tun jiya. Ya ɗora hannu a kan ɗankwalina yana bubbugawa, shi da ke kwance shi ke rarrashina.

"Ya isa. Je ki ce su kawo allurar."

Na miƙe da sauri kafin ya canza ra'ayi, sai ya riƙe gefen gyalena.

"Tsaya. Ba sharaɗi nake sa miki ba, allura zan karɓa ko me kika ce. Amma yaron nan, ni na sa shi. Ni na kama hannunsa na rantsar da shi. In akwai mai laifi, ga shi a kwance. Na aika wa kawunnansa cewa ba a fasa ba, su same ni a nan gobe da hantsi. Kuma ba na son rana mai nisa, Uwata. Ina so in ba da ke da bakina."

Na ce, "Bari in kira su, Baba."

Nas ta zo da tire, ta ja labule, na fito baranda na zauna a bencin nan. Umma ta dawo ta wuce ni ta shiga. Waya ta yi motsi a hannuna. Mansir ne.

"Kawu na tambaya, ƙarfe goma ya yi?"

Na daɗe ina kallon saƙon. Ina son shi, wannan bai canza ba, kuma na san ba mugunta ya yi ba. Amma na gwada tunanin shekaru masu zuwa, ina wurin aiki ya rubuto min cewa ya kai yaro rigakafi, ko ya ce ya sha maganinsa, sai na ga kaina ina neman wanda zan kira in tabbatar. Na rubuta na goge, na rubuta na goge. A ƙarshe na tura masa kalma huɗu:

"Kada su zo gobe."

Alamar ya karanta ta fito nan take. Ya fara rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa. Har yanzu bai turo komai ba.

Nas ta fito ta ce min an yi, ya ma yi mata barkwanci. Na tashi na je bakin ƙofa, hannuna a kan labule, sai na jiyo muryar Baba, ta ɗan yi ƙarfi fiye da ɗazu, yana yi wa Umma bayani.

"Farar shaddar nan mai aikin zare ruwan gwal, ita za ki kawo min, da hular da na ajiye a saman akwati. Ki sa a goge ta da kyau. A kawo turare ma. Ba zan karɓi surukai a cikin wannan shuɗin buhun ba."

"To, Alhaji," in ji Umma. "Da cincin ɗin?"

"Duka bokiti biyun. A raba wa 'yan ɗakin nan ma, su ci albarkacin Uwata."

Na saki labulen na dawo kan bencin. Har yanzu ban shiga ba.